Kalmar da ta Hana Dada Yi wa Ɗanta Addu'a

Shekara bakwai ke nan da aka fita da yayana, Hamma Sa'adu, daga gidanmu na unguwar Majidaɗi a kan makara. Waɗanda suka san shi a cikin masu karanta wannan shafi sun san shi da daktan nan na ilimin sararin samaniya, mai aiki a wata jami'a a Afirka ta Kudu, mai zuwa hutu Jalingo da tsohon takalminsa da dariyar da ake jiyowa tun daga bakin titi. Waɗanda ba su san shi ba, wataƙila sun taɓa jin muryarsa a waya, a wani guntun sauti da ya yi ta yawo, inda yake cewa yana halittar taurari. To, ni ce ƙanwar mai wannan murya. Malamar Hausa ce ni a makarantar sakandare, abin da ya sa ciwon ya zame mini biyu.

Yabon aikinsa na bar wa abokan aikinsa, sun yi da Turanci kuma sun fi ni iyawa. Abin da ya hana ni sukuni duk tsawon shekarun nan shi ne mahaifiyarmu, Dada. Tun daga ranar rasuwar har muka shigo wannan shekara, ban taɓa jin ta buɗe baki ta ce Allah ya jiƙansa ba. Kada wani ya ce ba ta son shi, haba, wa ya isa? Tsoro take yi. Ta yi imani ɗanta ya mutu da kalmar da ta fitar da shi daga addini, kuma an gaya mata ba a nema wa irin wannan gafara. Yanzu ga tsufa ya kama ta, ga ciwon zuciya, ƙafafu sun kumbura, likita ya daina yi mana dogon bayani, sai dai ya ce a ci gaba da magani. Fargabata guda ce, da ita nake kwana nake tashi: kada tsohuwar nan ta bar duniya tana ganin ɗan wuta ta haifa.

Bari in faɗi aikin nasa yadda na fahimce shi, don ni ma sai da ya sha wahala da ni. Taurari gungu-gungu suke a sama, kowane gungu kamar gari guda, kuma irin waɗannan gungu sun fi ƙarfin ƙidaya. Na nesa ƙwarai, haskensu ya daɗe a hanya kafin ya iso mu, don haka wanda ya hango su yana ganin yadda suke ne tun can da, lokacin da sararin samaniya yake sabo. Domin hango su ake ƙera manyan madubai na hangen nesa, wasu a kafa su a kan duwatsu, wasu a harba su sama. Sai dai madubi ɗaya, masu son leƙawa duniya guda, layi ake bi. Dole tun kafin a kunna shi a yanke shawara: a kafa masa ido a ɗan wuri guda a daɗe, ko a share wuri mai faɗi sama-sama? Hamma ya ce mini kamar haƙar rijiya ce. Ko ka tattara ƙarfinka ka haƙa guda mai zurfi, ko ka yi ta tona ƙanana a faɗin fili, kuma ba a so sai an gama zubar da gumi a gane an yi zaɓen banza.

A nan nasa aikin ya shigo. Zai ba kwamfuta ƙa'idojin da masana suka gano: yadda iskar gas take taruwa, yadda taurari suke kamawa da wuta, yadda gungu biyu suke haɗewa, yadda suke tsufa su dusashe. Kwamfutar ta yi ta lissafi daga farkon zamani har zuwa yau, ta fito da wata sama ta ƙarya cike da gungun taurari na ƙarya, kowanne da haskensa da nisansa. Sai a dubi wannan sama da idon madubin da ba a ma gama ƙerawa ba, a ga nawa zai iya hangowa idan an bi ta nan, nawa idan an bi ta can. Shi ke nan fa aikin. Mutumin da duk unguwa take zaton ido ya zuba wa sama, da rana tsaka yake aikinsa a ofis mai labule, yana cin gyaɗa a gaban allon kwamfuta. Idan azumi ya ƙarato mutane su yi ta buga masa waya suna tambayar yaushe za a ga wata, sai ya ce, "Ni nawa sun fi wata nisa, ku tambayi masu dubawa."

Matsalar Hamma Hausa ce. A gida da Fulatanci muka tashi, a makaranta Turanci, Hausarsa kuwa ta kasuwar Jalingo ce, wadda mace take zama "shi", namiji ya zama "ita", kowa ya gane a wuce wurin. Na sha tsokanarsa. Idan ya ce, "Dada ya ce ki zo," sai in ce wane Dadan, na gidan su wa? Ya ce, "Ke dai kin ji, malama." Mu nan ba ma ɗaukar wannan a bakin komai. Mumuye da Jukun da Fulani duk da irin wannan Hausa suke ciniki, su yi faɗa, su shirya. Ba mu taɓa kawowa a rai akwai ranar da za ta ci mutum ba.

A zuwansa na ƙarshe wani gidan rediyo na garin nan ya gayyace shi hira da Hausa, wai a ji ɗan gari da ya yi nisa a karatu. Muna tsakar gida da hantsi ni da Dada, tana tsintar shinkafa a faifai, rediyo a kan kifaffen turmi. Mai tambaya ya ce, "Dakta, a taƙaice mene ne aikinka?" Na ji Hamma ya ɗan yi jim, na san laluben kalma yake yi. Sai ya ce, "To, mu muna halitta taurari ne a cikin kwamfuta. Muna halitta shi tun farkon duniya har yau, sai mu ga abin da zai fito." Mai tambaya ya yi dariyar yaƙe, ya ce, "Halitta fa ka ce, Dakta?" Hamma, da yake bai ji nauyin komai a kalmar ba, ya ce, "Sosai ma. Ni kaɗai na halitta masu yawa."

Innalillahi! Na dubi Dada, na ga hannunta ya tsaya cak a cikin faifai. Ta ajiye shi ta shiga ɗaki, kaji suka zo suka yi ta cin shinkafar nan ba wanda ya kore su.

Da ya dawo na tare shi tun a zaure. Na ce, Hamma, ka san abin da ka faɗa kuwa? Halitta ta Allah ce shi kaɗai, ba a ara wa kowa wannan kalma. Ya ce shi abin da suke cewa da Turanci ya juya, a wurin aikinsu kullum haka ake faɗa, ba wanda ya taɓa ɗaga kai. Ya yi istigfari, ya kuma bushe da dariya, ya ce, "Wa ma zai kula? Gobe an manta." Na ce to, shiga ka yi wa Dada bayani. A nan al'adarmu ta yi mana dabaibayi. Hamma ɗan fari ne, kuma a gidan Fulani irin namu uwa ba ta hira da ɗan farinta, ba ta kiran sunansa, ba ta ko haɗa ido da shi. "Wancan" take ce masa. Duk rayuwarsa tsakaninsa da ita gaisuwa ce daga bakin ƙofa, kai a sunkuye. Idan ya kawo mata tsaraba ni zai ba, idan ta ajiye masa man shanu mai kyau ni za ta miƙa wa ta ce, "Ba wancan." Haka nan na kai mata saƙonsa cewa suɓutar baki ce. Ta ce, "Ai na ji an tambaye shi, ya sake faɗa." Shi kuma ya ce idan ya dawo babbar Salla zai zauna da ita, ko da kunya za ta kashe su su biyun. Bai kai Sallar ba. Jininsa ya hau, ya faɗi a ofis, gawarsa aka kawo mana.

Kafin a yi addu'ar bakwai guntun hirar ya gama wayoyin gari. Wani mai wa'azi, wanda ban san shi ba, shi ma bai san Hamma ba, ya hau kai ya yi ta zuba, wai ga ƙarshen boko, ga yadda Allah yake kama mai ja da shi. Wata maƙwabciyarmu da ta zo gaisuwa da carbi a hannu ita ta kunna wa Dada, ta kuma ɗora mata da cewa ba a roƙa wa irinsu gafara. Har yau idan na haɗu da matar nan a hanyar kasuwa muna gaisawa, amma Allah ya sani ba da zuciya ɗaya nake amsa mata ba.

Da farko ban gane ba, na ɗauka kunyar ɗan fari ce. Masu gaisuwa su ce Allah ya jiƙansa, kowa ya ce amin, ita ta sunkuyar da kai. Sai da aka kwana biyu na lura da ranakun Juma'a. Takan sa a soya ƙosan sadaka, ta zauna tana jero mamatanta: mahaifinmu, iyayenta, ƙanwarta, har jaririn da ta rasa kafin a haife ni. Idan ta iso inda ya kamata ta ce "da wancan", sai ta tsallake. Na gaji na tambaye ta. Ta ce, "Da kunnena na ji. Kina so in roƙi abin da aka hana, in ƙara masa laifi in ƙara wa kaina?" Sai hawaye. Matar da ko ranar mutuwar mahaifinmu ban ga kukanta ba.

Ba irin ƙoƙarin da ban yi ba. Na kawo limamin unguwarmu, wanda shi ya sallaci gawar Hamma, ya ce mata mutumin da yake salla yake azumi ba a fitar da shi daga addini don harshensa ya karkace a yaren da ba nasa ba. Ta saurara cikin ladabi, ta sa aka dama masa fura, da ya fita ta ce, "Malam lallashina yake yi." Sai na koma ga sana'ata, na ce kalma ce ta ɓata, bari in nemo wadda za ta gyara. Na ce mata kwaikwayo yake yi. Ta ce, "Kwaikwayon halittar Allah? Wannan ai ya fi muni." Na ce to hasashe ne. Ta ce masu duba ma hasashe suke yi, kuma da taurarin suke yi. Kai jama'a! Dama tun yana ɗalibi, da aka ji ilimin taurari yake karantawa, akwai matan da suke zagayowa a ɓoye wai ya duba musu ko tafiyarsu za ta yi kyau. Na ce lissafi ne kawai, Dada, irin na makaranta. Ta ce, "Lissafin da yake sanin abin da ke sama tun ba a gani ba?" Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane ma'anar kalmomi, na rasa guda ɗaya tak da zan kai wa uwata.

Abin haushi, yabon da ake yi masa shi yake ƙara firgita ta. Duk wanda ya zo ta'aziyya daga 'yan boko sai ya ce ai Dakta ba ya kuskure, abin da ya ce za a gani shi za a gani. Mu muna jin daɗi, ita kuwa jikinta yana ƙara sanyi. A wurinta mutumin da ya san abin da ido bai taɓa gani ba, kuma ba ya kuskure, ya shiga hurumin da ba nasa ba.

Nakan tambayi kaina me Hamma zai ce da ya ga yau. Madubin da ya yi shekaru yana yi wa shiri an gama shi, an kunna, hotuna suna ta zuwa. Har ɗalibaina sukan nuna mini su a waya, ɗigo-ɗigon haske ja da fari, ba su san yayana yana da hannu a zaɓen inda aka duba ba. Na san da yana nan da kunnenmu bai huta ba. Amma da zai ga waya guda tana ɗauke da hoton taurarinsa da kuma muryarsa da aka yanke aka yi masa hukunci da ita, ban san ko dariyar nan tasa za ta fito ba. Abin ma yanzu ya fi na lokacinsa sauri. Mutum ya yi tuntuɓen harshe da safe, kafin azahar an gama yi masa shari'a a garuruwan da bai taɓa takawa ba. Idan na dubi yaran ajina, masu kai mai kyau irin nasa da Hausar kasuwa irin tasa, wallahi tsoro nake ji.

Makon da ya wuce Rifkatu ta zo. 'Yar Kona ce, nan kusa da Jalingo, Kirista, 'yar wani ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Hamma ne ya ja ta zuwa Afirka ta Kudu ta yi karatu a hannunsa, yanzu ita ma dakta ce, ita take ci gaba da aikin. Duk zuwanta gida sai ta kawo wa Dada doya, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Na tare ta a tsakar gida na ja mata kunne: jikin tsohuwa ba daɗi, a gaisa kawai, kada a tayar da zancen aiki. Ta ce to. Amma wajen rashin riƙe baki ita da malaminta duk ɗaya ne, Hausar tasu ma iri ɗaya.

Dada tana jingine da filo, numfashi sama-sama. Bayan gaisuwa ita da kanta ta ce, "Aikin naku yana tafiya?" Ban taɓa jin ta tambaya ba sai ranar. Rifkatu, wadda Oga take kiran Hamma, ta washe baki ta ce, "Mama, yana tafiya, amma mun sha kunya. Madubi ya duba wurin da Oga ya ce a duba, abin da ta gani ba shi Oga ya faɗa ba. Taurari na can farko-farko sun fi yawa, sun fi haske. Lissafin Oga bai kai ba sam. Yanzu duk gyara shi muke yi."

Na taka mata ƙafa har sai da ta ce wash. Raina ya ɓaci matuƙa. A zuciyata na ce shi ke nan, an ce ya yi saɓo, yanzu kuma an biyo har gadon uwarsa ana cewa aikin ma bai iya ba. Na fara kame-kame, ina cewa ai ba wani kuskure ba ne can, ɗan ƙaramin abu ne. Dada ta ɗaga mini hannu. Ta yunƙura za ta zauna, na tallafe ta, ina jin bugun zuciyarta a tafin hannuna ta baya.

Ta ce, "Ya ce kaza ne, aka duba ba haka ba?"

"Ba haka ba, Mama."

"Bai sani ba ke nan?"

Rifkatu ta dube ni, ta dube ta, ta ce, "Mama, ba wanda ya sani. Shi ya sa ake yin madubi. Mu canka muke yi da lissafi, sai a duba a ga inda muka faɗi. Oga kullum yana cewa ranar da madubi ya kama shi da kuskure, ranar zai yanka rago."

"Shi da bakinsa ya ce yana jiran kuskure?"

"Da bakinsa, Mama. Har mun gaji da ji."

Can sai Dada ta yi magana a hankali da Fulatanci, kamar ba da mu take ba. Ta ce wanda ya yi abu ai ya san adadinsa, ba ya jiran a zo a gyara masa. Wanda yake jira kuwa kintace ya yi, irin na mai hango garke daga nesa. Ta juyo ta sake tambayar Rifkatu ko ta tabbata ya yi kuskuren, kada dai ita ma lallashi ta zo yi. Rifkatu ta ce, "Mama, in ƙarya nake yi Allah yana gani. Duniya duk ta sani." Sai tsohuwar nan ta ɗaga hannayenta ta ce, "Allah ya jiƙansa." Rifkatu ce ta ce amin, da ƙarfi, har na waje suka ji.

Da na raka ta bakin titi neman keke Napep, Rifkatu ta gaya mini abin da ban so ji ba. Ta ce nan da 'yan shekaru ba wanda zai ƙara amfani da saman ƙaryar da Hamma ya gina, za a yi sababbi da suka fi ta, sunansa zai koma can ƙasan takardu inda ba kowa yake dubawa ba. Ta ce haka aikin yake, kuma shi ya san da haka. Guntun muryar nan kuwa har yau tana cikin wayoyin mutane, ba ni da ikon goge ta, kuma na san akwai masu karanta wannan da ba za su canza ra'ayi ba. Da na auna, abin da ya rage mini na yayana shi ne halinsa: mutum ne da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kintata, ya kuma zauna yana ɗokin ranar da za a nuna masa inda ya gaza. Wannan hali shi ya iso ɗakin Dada, bayan malamai da ni malamar Hausa duk mun kasa.

Ban ce hankalina ya kwanta ba, don jikin nata sai ƙara baya yake yi. Jiya da hantsi na kai mata kunu, na tarar da ita da carbi, leɓɓanta sun bushe. Ta ce in zauna. Ta ce, "Ke da kika yi karatu, azumi idan ya kuɓuce ana ramawa. Addu'ar uwa ta shekara bakwai fa, ana rama ta?" Na ce ban sani ba, Dada, bari in kira liman. Ta ce a'a, ta gaji da tambayar mutane. Ta ture kunun gefe, ta ce idan masu dubiya sun zo in ba su haƙuri, ba ta da lokacin hira, aiki ne a gabanta kuma ba ta san kwana nawa aka ba ta ba. Na fito na ja mata ƙofa. Yau a tsakar gida nake rubuta wannan, ina jiyo muryarta ƙasa-ƙasa, kuma duk sanda ta ɗan yi shiru sai alƙalamin ya tsaya a hannuna har sai na ji ta ci gaba.